Tambayoyin da ake yawan yi min kan zuwa kangon fadar Dunnottar

Duk shekara idan sabbin ɗalibai ƴan uwanmu suka iso Aberdeen, ko wani ya yi baƙi daga gida yana neman inda zai kai su su sha iska, tambayoyin kusan iri ɗaya ne, har na gaji da maimaitawa a waya, shi ne na ce bari in tattara su wuri guda kowa ya huta.

Wai mene ne Dunnottar ɗin nan, kuma a ina yake?

Tsohuwar fada ce mai ganuwa irin wadda Turawa ke ce wa kasul, tana bakin teku a arewa maso gabashin Sikotilan, kamar kilomita 3 kudu da wani ƙaramin gari da ake kira Stonehaven, shi kuma Stonehaven ɗin wajen kilomita 24 ne daga Aberdeen. Abin da ya sa ta fita daban ba ginin ba ne, dutsen da aka ɗora ta a kai ne. Wani ƙaton dutse ne mai shimfiɗaɗɗen kai da ya kutsa cikin Tekun Arewa, ruwa ya kusa zagaye shi, tsayinsa daga ruwa zuwa sama kamar mita 50, faɗin saman kuma bai wuce hekta ɗaya da rabi ba. Ɗan siririn wuya ne kawai ya haɗa shi da sauran ƙasa.

Yawancin gine-ginen da za ka gani a tsaye na ƙarni na 15 da na 16 ne, amma an daɗe ana yaƙi a kan dutsen tun kafin nan, duba amsar "wa ya gina ta" a ƙasa.

Kango ne fa aka ce, to me zan je in gani a kango?

Wannan tambayar wani kawuna ya yi min ita da ya zo bikin yaye ɗansa, ya ce shi da ya baro kufai iri-iri a gida don me zan ɗebe shi a mota in kai shi kallon rusau. Da muka sauko daga wurin ajiye motoci muka biyo ƴar hanyar nan, dutsen ya bayyana gabansa gaba ɗaya, shiru ya yi na ɗan lokaci sannan ya ce "ikon Allah, ta ina suka hau da duwatsun?"

Ba tarin ƙasa ba ne, yawancin bangwayen suna nan tsaye rufi ne babu. Akwai doguwar hasumiyar da ita ce tsohon gidan mai fadar, akwai maƙera da dogon bututun hayaƙinta, bargar dawaki, ɗakin ajiya, ƙaramin coci, sai wani babban sashe mai kusurwa huɗu da ɗakunan kwana da kicin da wurin gasa burodi da wurin dafa giyarsu, a tsakiyarsa kuma ga wani zagayayyen tafki da suke tara ruwan sha, domin idan aka yi maka ƙawanya a kan dutse ruwa ne zai fara kashe ka kafin maƙiyi. Ɗaki ɗaya ne aka gyara aka yi masa rufi da silin na katako don mutum ya ga yadda manyan suke zama. Har wani ɗan lungu akwai da ake ce wa ramin zaki, an ce ɗaya daga cikin masu fadar ya taɓa ajiye zaki a ciki.

Ni dai abin da ya fi burge ni ƙofar shiga ce. A cikin tsagar dutse take, kana shiga sai ka ga ramukan bindiga suna kallonka ido da ido, daga nan hanyar ta lanƙwasa ta bi ta wasu ƙananan ramuka biyu masu duhu kafin ka ɓulla sama. Duk wanda ya zo da yaƙi sai ya bi nan ɗaya bayan ɗaya.

Yaya ake zuwa daga Aberdeen in ba ni da mota?

Hanya biyu. Ko ka hau jirgin ƙasa zuwa Stonehaven, bai kai minti 20 ba, ko ka hau bas ɗin da ke bin gaɓar teku ya yi kudu, irin X7, ka gaya wa direba Dunnottar za ka, akwai wurin tsayawa a bakin titi ɗan tattaki kaɗan daga wurin ajiye motocin. Ka duba jadawalin ranar kafin ka fito musamman Lahadi.

In ka zo ta jirgi ka sani tashar ba a bakin teku take ba, sai ka gangara cikin gari tukunna zuwa inda kwale-kwale ke tsayawa, daga nan akwai hanyar ƙafa da ta hau tudu ta bi gefen gaɓa har fadar, minti 40 ko sama da haka ga mai tafiya a hankali yana tsayawa ɗaukar hoto. Wallahi in kana da lafiyar ƙafa wannan hanyar ita ce rabin daɗin tafiyar, don fadar tana fitowa ne a hankali tana ɓuya tana sake fitowa. A kan hanya za ka wuce wani gini mai ginshiƙai a kan tudu da za ka ɗauka shi ma kango ne, a'a, na tunawa da sojojin garin ne da suka mutu a yaƙin duniya, an buɗe shi a 1923 kuma da gangan aka bar shi kamar ba a gama ba. In akwai dattijo ko mai goyo a cikinku ku manta da wannan, ku ɗauki tasi daga tasha, sannan ku karanta amsar matakala.

An ce akwai matakala da yawa, tsoho ko mai juna biyu zai iya?

Nan ne ake yaudarar kai. Daga wurin motoci fadar tana kamar ga ta nan kusa, amma sai ka gangara matakala har kusan bakin ruwa sannan ka sake hawa zuwa ƙofa, sun haura 200, kuma abin da mutane ke mantawa shi ne duk abin da ka sauka da zuwa sai ka hau shi da dawowa lokacin da ƙafa ta riga ta gaji. A ciki ma ƙasan ba daidai yake ba, duwatsu ne da aka jera tun zamanin da, in an yi yayyafi santsi ne da su.

Keken guragu ba ya shiga, keken jariri ma kar ki wahalar da kanki Hajiya, ki goya shi da zani kawai kamar a gida, na ga Turawa suna kallon wata ƴar uwarmu da sha'awa ranar da ta yi haka su kuma suna fama da ɗaga keke mutum biyu. Mai ciwon gwiwa ko hawan jini ko mai tsohon ciki ba dole sai ya sauka ba, daga saman gaɓar ana ganin fadar gaba ɗaya kuma mafi kyawun hoton ma daga nan ake ɗauka, kyauta. Kawun nan nawa dai ya sauka ya hau, amma sau uku muna tsayawa yana cewa wai teku yake kallo.

Yara kuma a riƙe musu hannu. Akwai shinge a wurare da yawa amma ba ko'ina ba, musamman a hanyar gaɓa.

Wane lokaci ya fi, kuma me zan saka?

Daga Mayu zuwa Satumba. Lokacin rana tana daɗewa, a watan Yuni sai bayan ƙarfe 10 na dare take faɗuwa a wannan yankin, a Disamba kuwa kafin 3 da rabi na yamma ta tafi, kuma lokutan buɗewa ma sun fi gajarta da hunturu. Wani abu da ba a gaya wa mutane: in iska ta yi ƙarfi rufe wurin suke yi gaba ɗaya ko da rana ta fito tar, saboda haka ka leƙa shafinsu da safen ranar kafin ka kashe kuɗin jirgi.

Kaya kuwa, ko a tsakiyar bazararsu ka ɗauki jaket mai tare iska da ruwa. Lema ba ta da amfani a nan, iska za ta juya maka ita. Takalmi kambas ko but mai riƙe ƙasa, ba silifas ba ba mai tsini ba. Na san ana son a sha babbar riga a yi hoto a tura gida, to a sa ta a jaka a ɗora in an hau sama, don babbar riga a kan matakalar nan tana zama kamar tanti iska ta shiga ciki. Hula ma a kula, tawa zanna bukar ɗin da na fi so tana can wani wuri tsakanin Sikotilan da Norway. Mata a sa hijabi mai ɗan nauyi ko a kama mayafi da fil da kyau. Wani lokaci kuma hazo ne ke tasowa daga teku ya rufe komai ko dutsen ba ka gani, in ka tarar da haka ɗan jira, yakan yaye.

Ana biya ne? Kuma awa nawa zan ware?

Kallo daga waje da yawo a gaɓa da sauka bakin ruwa duk kyauta ne, shiga ciki ne ake biya, akwai farashin manya da na yara da na iyali, yana canzawa shi ya sa ban rubuta ba. Wurin ba na gwamnati ba ne, na wani iyali ne (duba amsar yadda ta zama kango), don haka katin shiga wuraren tarihi na hukuma da wasu ke saya kar ka dogara da shi a nan. A ciki awa ɗaya da rabi zuwa biyu ya isa, in ka haɗa da tattaki daga Stonehaven da dawowa da cin abinci to ka ba shi wuni.

Wa ya gina ta, kuma yaushe?

Ba mutum ɗaya ba ne. Tsofaffin littattafan tarihi na Ailan sun ambaci an yi wa wurin ƙawanya tun shekarar 681, sannan a 900 mayaƙan Viking sun kashe sarkin Sikotilan Donald na Biyu a nan. A 1276 aka keɓe coci a kan dutsen. A 1297 William Wallace, jarumin da suke ji da shi a yaƙinsu da Ingila, ya ƙwace wurin, kuma labarin da ake bayarwa shi ne sojojin Ingila sun gudu cikin cocin ya cinna masa wuta da su a ciki.

Amma fadar da muke gani ta gidan Keith ce, masu riƙe da sarautar Marischal, wadda a cikin aikinta har da tsaron kayan sarautar ƙasar, ka riƙe wannan don zai dawo a amsa ta gaba. Sir William Keith ne ya gina hasumiyar wajen 1392, sai malaman coci suka ce ya yi gini a kan ƙasa mai tsarki suka kore shi daga cocin, sai da Fafaroma ya sa baki a 1395 aka janye. Daga baya jikokinsa suka yi ta ƙari, musamman George Keith wanda shi ne ya kafa Kwalejin Marischal a Aberdeen a 1593, eh wannan ƙaton ginin farin dutsen da ke tsakiyar gari da kowa ke hoto a gabansa sunan ya samo daga nan. Sarauniya Mary ta Sikotilan ta sauka a fadar a 1562 da 1564, ɗanta James na Shida kuma a 1580.

Mene ne labarin kambin sarauta da aka ce an ɓoye a nan?

Wannan shi ne labarin da ya sa sunan Dunnottar ya shiga ko'ina. Kayan sarautar Sikotilan uku ne, kambi da sanda da takobi. Bayan Oliver Cromwell, ɗaya daga cikin jagororin sojojin majalisar Ingila, da mutanensa sun sare kan Sarki Charles na Ɗaya a 1649 sai suka narkar da kayan sarautar Ingila suka sayar. Su kuma ƴan Sikotilan suka naɗa ɗansa Charles na Biyu a garin Scone ranar 1 ga Janairun 1651 da nasu kayan. Sojojin Cromwell sun riga sun kama Edinburgh, babu halin mayar da kayan can, shi ne aka kawo su Dunnottar aka damƙa tsaron wurin a hannun George Ogilvie da ƴan sojoji da ba su kai ɗari ba.

Aka yi musu ƙawanya wata takwas. Sai da aka kawo manyan igwa sannan Ogilvie ya miƙa wuya a watan Mayun 1652, sojoji suka shiga suka birkice ko'ina, babu kambi babu dalilinsa. Ashe mata sun riga sun gama aikin. Christian Fletcher, matar limamin cocin wani ƙauye da ake kira Kinneff a kudu kaɗan, ita ta fitar da su. Yadda ta yi ne ake da ruwaya biyu, wasu sun ce ta shiga ziyara ne ta fito da su a ɓoye cikin ƙunshin kaya ta gaban sojojin, wasu sun ce da igiya aka zuro su ta bayan dutse ƴar aikinta da ke yi kamar tana tsintar ciyawar teku ta zuba a kwando ta rufe. Ita da mijinta James Granger suka binne su a ƙarƙashin daɓen cocin, lokaci-lokaci su tono da dare su shanya saboda danshi su mayar, har 1660 da sarauta ta dawo. Ogilvie da matarsa sun sha tsarewa da matsi a kan su faɗi inda kayan suke ba su faɗa ba, an dai yaɗa cewa an tsallaka da su ƙasar waje.

Kar ka je kana neman kambin a Dunnottar, yana fadar Edinburgh, kuma su ne kayan sarauta mafi tsufa da suka rage a Birtaniya.

Ɗakin da aka ce an tsare mutane fa, ana shiga?

Ana shiga, sunansa Whigs' Vault, yana ƙasan sashen nan mai kusurwa huɗu ta ɓangaren teku. A 1685 aka tara mutum 167, maza 122 mata 45, aka zuba su a ciki daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli. Laifinsu sun ƙi rantsuwa cewa sarki ne ke da iko a kan al'amuran addininsu, Kiristoci ne su ma amma sun ce ba ruwan sarki da yadda za su yi ibada. Abinci da ruwa ma sai sun saya a hannun masu gadi. Mutum 25 suka fita ta taga suka bi jikin dutsen, biyu suka faɗo suka mutu, aka kamo 15 aka azabtar da su. Wasu sun mutu a ciki, wasu sun yi rantsuwar an sake su, sauran aka loda su a jirgin ruwa zuwa New Jersey a Amurka, da yawa ba su isa da rai ba.

Ɗakin dogo ne mai rufin baka, ƙasan a gangare, bangon da danshi kullum, warin gansakuka da gishiri, taga ɗaya a can ƙarshe. Ranar da muka je mu goma sha biyu ne kuma mun ji wurin ya matse mana, sai ka lissafa 167 wata biyu babu banɗaki. Ka je har bakin tagar ka leƙa ƙasa ka ga inda mutane suka zaɓi su bi da dare. Yaran da ke ta guje-guje a sama ma nan suka yi tsit ba wanda ya ce musu su yi.

To me ya mayar da ita kango, yaƙi ne?

Igwar Cromwell ta yi ɓarna amma ba ita ta gama da ita ba, siyasa ce da ƴan kasuwa. Mai fadar a lokacin, Earl Marischal na goma, ya shiga tawayen 1715 na masu son mayar da gidan Stuart kan mulki, tawayen ya faɗi, ya gudu ƙasar waje, gwamnati ta ƙwace duk abin da ya mallaka. Wani kamfani mai suna York Buildings ya sayi fadar ya kwashe rufi da katako da darma da duk abin da zai yi kuɗi, aka bar wa iska da ruwan gishiri sauran har shekara kusan 200. A 1925 iyalin Pearson, wato gidan Cowdray, suka fara gyara don kar ta ƙarasa zubewa, har yau kuma a hannunsu take.

Sallah da abinci fa?

Babu masallaci a wurin, masallatai suna Aberdeen. Ka yi alwala kafin ka fito, ka sa ƴar darduma a jaka, akwai ciyawa shimfiɗe a saman gaɓa ka koma gefe nesa da hanya ba wanda zai kula ka, ka dai danne dardumar da jaka saboda iska. Alƙibla kudu maso gabas take, wato in ka fuskanci teku ka ɗan karkata dama. Wanda ya taso daga Aberdeen tafiyarsa ba ta kai ta ƙasaru ba, na Glasgow ko Edinburgh ya wuce kilomita 80 nesa ba kusa ba. Da hunturu a kula, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kamar ana kora su.

Abinci ka taho da naka ya fi. In kuma za ku ci a Stonehaven to garin kifi ne, soyayyen kifi da dankali, sai dai ka tambaya da wane mai suke suya kuma ko akwai giya a ƙullun da suke tsoma kifin, wasu suna sawa, kuma ba sa jin haushin tambaya. In za ku ci a waje ku yi hankali da tsuntsayen teku, sun fi shirwar kasuwa iya fizge.

Ina Landan da bizar ziyara, ko sai na nemi wata kafin in shiga Sikotilan?

A'a, bizar Birtaniya ta isa, babu wani shinge tsakanin Ingila da Sikotilan. Wanda ke da ta Schengen kawai ne ba za ta yi masa ba. Amma daga Landan ba tafiyar je-ka-dawo ba ce, jirgin ƙasa wajen awa 7 ne, ka shirya kwana. Kuma in aka ba ka canji da takardar fam mai wani hoto daban kar ka ce jabu ce, bankunan Sikotilan ke buga nasu, ka dai yi ƙoƙari ka kashe ta kafin ka koma kudu don wasu masu shaguna can suna yi mata kallon banza.

Gaskiya ne akwai fatalwa a wurin?

Su dai suna ba da labarin wata yarinya mai koren kaya da ake gani wajen ɗakin dafa giya. Na je ya fi sau goma ban ga kowa ba sai ƴan yawon buɗe ido da tsuntsaye da suka yi sheƙa a tagogi. Ka yi addu'arka ka shiga. In tsuntsayen ne suka burge ka, akwai wani wuri Fowlsheugh ƴan kilomitoci kudu inda dubbansu ke taruwa a jikin gaɓa daga Mayu zuwa Yuli, tun kafin ka gan su za ka ji ƙararsu da warinsu, kuma daga can Kinneff inda aka binne kambin ba nisa, cocin yana nan ana shiga.